Yadda na koya wa kwamfuta korar kwastomomin Kawu

Wai ni ne zan taimaki duniya. Abin da ya ja min ke nan wallahi, ina zaman zamana da ɗan aikina na gyaran kwamfuta da haɗa wa mutane imel na kamfani, sai zuciya ta ce min ai ya kamata a ce sunanka ya shiga cikin masu gina manhajar da duk duniya ke amfani da ita.

Manhajar sunanta SpamAssassin, aikinta tace saƙonnin shara da na damfara daga imel, masu kula da sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni, sun santa. Wani ɗan ƙasar Ayalan mai suna Justin Mason ne ya fara ta a 2001 da yaren kwamfuta na Perl, zuwa 2004 ta zama cikakken aiki a ƙarƙashin gidauniyar Apache, kuma kyauta ce, komai nata a buɗe yake, kowa zai iya dubawa ya gyara ya tura gyaransa a duba. Aikin gayya dai, sai dai wannan gayyar ko kunu ba a kawowa gona. Yadda take aiki ba wuya, duk saƙon da ya shigo sai ta bi shi da dokokinta tana ba shi maki, in ka rubuta kan saƙonka da manyan baƙaƙe zalla akwai doka mai suna SUBJ_ALL_CAPS tana jiranka, in ka buɗe da gaisuwar aboki na ƙauna ga DEAR_FRIEND, in ka cika ambaton miliyoyi ga LOTS_OF_MONEY, ga kuma dangin ADVANCE_FEE da aka tanada musamman saboda 'yan 419, mutanenmu da suka sa lambar sashe ɗaya na dokar laifukan Najeriya ta fi sunan wasu ƙasashe shahara. Maki ya kai 5, shikenan an buga maka tambarin shara.

To ni abin da na lura shi ne 'yan damfara sun fara rubutu da Hausa, irin su an rufe BVN ɗinka danna nan, ko an zaɓe ka a tallafin gwamnati turo kuɗin fom, kuma duk suna wucewa salin alin saboda dokokin ba su jin Hausa. Nace to ga inda zan yi suna. Na zauna na rubuta dokoki na, har da dabarar kama kudi da kuɗi duka biyun tunda rabin mutanenmu ba sa saka lanƙwasa, na ji kaina ya yi girma. Saura gwaji. Kuma sabar da ta fi kowacce samun saƙonni a hannuna ita ce ta Kawu.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo yake fitarwa waje, riɗin ya tafi Turkiyya da Chana, zoɓon Meziko. Ni na buɗe masa imel mai sunan kamfaninsa kuma tun ranar bai taɓa ba ni ko na kati ba, in na yi magana yace ai ɗan 'yar uwa ba ya karɓar kuɗin kawunsa.

Akwai wani ɓangare na manhajar da ake kira Bayes, shi ba doka ake rubuta masa ba, koya masa ake yi. Ka ba shi saƙonnin kirki ka ce waɗannan na kirki ne, ka ba shi na shara ka ce waɗannan shara ne, da wani umarni mai suna sa-learn, kuma ba ya fara aiki sai ya ga aƙalla 200 a kowane ɓangare. Ni kuma lokacin ina fama da wata makaranta da firintocinsu suka yi yaji gaba ɗaya, sai na kira akawun Kawu, wani saurayi mai ladabi wanda ko ruwa zai sha sai ya ce bismillah ranka ya daɗe, na buɗe masa folda biyu nace duk saƙon da ka san na kirki ne zuba shi nan, na banza kuma nan. Yace an gama yallaɓai. Kafin la'asar ya kira yace ya cika su har da ƙari. Na sa masa albarka, na danna sa-learn, na tafi na ci tuwo.

Ashe ni da shi ba mu yi ittifaƙi a kan waye mutumin banza ba.

A wajensa mutumin banza shi ne duk wanda saƙonsa ke ɓata wa Alhaji rai. Baturken da kullum yake cewa riɗin akwai ƙasa a ciki a rage farashi, banza. Kamfanin jirgin ruwa mai turo takardar biyan kuɗi, banza. Ejan ɗin da ke Apapa wanda bai taɓa rubuto saƙo ba tare da ya nemi ƙari ba, wannan ma shi ya fara jefawa. Mutanen kirki kuwa su ne waɗanda in an karanta wa Alhaji saƙonsu yake murmushi, wato matar marigayi ministan wata ƙasa da mijinta ya bar mata dala miliyan 25 tana neman mai tsoron Allah, da lauyan da ke neman magajin wani Bature da ya mutu ba ɗa ba jika, da wata baiwar Allah da kullum saura mata wata uku a duniya tun shekarar da na buɗe imel ɗin.

Ita kuwa manhaja ba ruwanta, abin da aka koya mata ta riƙe, kuma ta riƙe shi da kyau. Duk saƙon da ta tabbatar shara ne tana ɗora masa BAYES_99, maki 3.5 a take. Sauran makin kuma Kawu ne da kansa yake cika musu, domin shi in zai rubuta wasiƙar kasuwanci da manyan baƙaƙe yake yi tun daga sama har ƙasa, ya buɗe da aboki na ƙauna, ya ce harka ce ta gaggawa kuma ta sirri, ya ambaci dala, to in Baturke ya danna amsa ai duk wannan rubutun yana biyo saƙonsa a ƙasa. Mutum ya rubuto layi biyu cewa ya amince da farashi, a tura masa takardun kaya, sai ya tashi da makin da ko ɗan damfarar gaske sai ya yi da gaske zai samu.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba, ina can ina duba ko masu kula da manhajar sun amsa min kan dokokin Hausar da na tura musu. Sun amsa kuwa, cikin mutunci. Su tsarinsu duk sabuwar doka sai an gwada ta a kan tarin saƙonnin da 'yan sa kai suke ajiyewa, a ga shara nawa ta kama, na kirki nawa ta zalunta, sannan a san makin da za a ba ta. Wani bawan Allah ya gwada nawa, sakamako sifili sifili, ba su kama kowa ba ba su zalunci kowa ba, don duk cikin masu gwajin ba wanda ake yi wa damfara da Hausa. Yace in ajiye su a local.cf na sabata, wato fayil ɗin da kowa ke saka nasa dokokin, za su yi min amfani, in kuma zan iya tara saƙonnin Hausa in riƙa gwaji da su to suna maraba. Ina cikin tunanin ai ga na Kawu ma an riga an tantance, sai ga kiran Umma.

Tace kana ina, nace ina shago, tace to ka bar abin da kake ka tafi Dawanau yanzu, yayana yace ka rufe masa kasuwa.

Na samu Kawu a kan darduma a ƙofar sito, ko gaisuwata bai gama amsawa ba yace kai zo nan, me na yi maka. Nace Allah ya huci zuciyarku Kawu me ya faru. Yace kwantena tana zaune a Legas kuɗin jinkiri yana hawa kanta kullum, Baturke ya kira ta WhatsApp yana faɗa wai ya turo saƙo ya sake turowa an yi banza da shi, shi kuma duk safiya in an buɗe masa akwati ba kowa sai zawarawa. Na karɓi laftof na buɗe foldar shara, jama'a, duk wanda Kawu ya taɓa cin riba da shi a duniya yana ciki, jere reras, har da bankinsa. Na juya na kalli akawu, yace yallaɓai ai yadda ka ce haka na yi, ko akwai wanda na manta.

Gyaran bai ɗau lokaci ba, sa-learn --clear na buga ta manta duk karatun, na saka adireshin kwastomomin a jerin waɗanda ba a taɓawa, na zauna da kaina na sake rabon. Abin da ya ɗau lokaci shi ne tambayoyin Kawu. Yace su Turawan da kake wa wannan aikin nawa suke biyanka. Nace ba biya Kawu, taimako ne. Yace to sun karɓi aikin. Nace sun dai yaba. Ya daɗe yana kallona sannan ya ɗauki waya ya kira Umma a gabana yace yaron nan a dage da yi masa addu'a, aiki yake wa mutanen da bai taɓa gani ba kyauta kuma ko kyautar ba su karɓa ba.

Bayan kwantena ta tashi sai ga kiransa kuma, nace shikenan wani abin ya sake fashewa. Yace kai, ina matan nan. Nace waɗanne mata Kawu. Yace matar minista da 'yar uwarta mara lafiya, kwana biyu shiru. Nace ai su ne 'yan damfarar, su aka yi manhajar domin su, dan Allah kar ku ce min kun taɓa tura musu wani abu. Yace ni, da na yi shekaru ina auna riɗi da mutanen Dawanau, wata ce za ta cuce ni ta waya, ko sisi. Amma ka dawo min da su, Turancinsu akwai ladabi, a wajensu nake kwafo farkon wasiƙa.