Lamba Bakwai da Kuɗin Sukari

Fadarmu ta unguwar Zariya mutum goma sha ɗaya ce, kuma duk cikinmu babu mai tashi sai ya sha shayi na uku. Amma da an ce wa zai sayo kayan haɗi, sai ka ga kowa ya tuna da wani kira da bai amsa ba a waya. Ganyen shayi, sukari, gawayi, ɗan na'ana'a, ga gyaɗar da ake taunawa kafin na farko ya nuna, abin yakan lashe kusan jika guda a dare. Ba kuɗin tashin hankali ba ne, sai in kullum daga aljihu ɗaya yake fita.

Ni na kawo shawarar ƙuri'a. Yaran gidan da muke zama a ƙofarsa suna da ludo, da ƴaƴansa biyu masu fuska shida, ɗigo ɗaya zuwa shida. In ka jefa biyun tare ka haɗa ɗigon, mafi ƙanƙanta 2, mafi girma 12. Ƙirga daga 2 zuwa 12, lamba goma sha ɗaya ce cif, mu ma goma sha ɗaya. Na ce kowa ya riƙi lamba guda, bayan isha'i a jefa, wanda tasa ta fito shi ke da shayin gobe.

Mushe, wanda ke koyar da lissafi a wata koleji, shi ya fara yaba mini. Ya ce, "Wanga tunani sai kai. Ni ku ba ni 12, ni ne na ƙarshen shigowa fadar nan, ban isa in yi zaɓe ba." Ya juya ga amininsa Tela ya ce ya riƙi 2, tunda shi ne ƙarami. Sannan ya dafa kafaɗata. "Kai kuwa mai dabara, tsakiya ta dace da kai, mu kewaye ka. Riƙe 7." Na ji daɗi har na gyara zaman hula.

Ba a daɗe ba mai shagon kusurwa ya kai ga da ya hango ni sai ya fara auna sukari tun ban yi sallama ba. Ɗan kabu-kabu mai lamba 6 da Alhaji Ƙarami mai lamba 8 su ne abokan wahalata, mukan haɗu a shagon mu gaisa da ido. Mushe kuwa sai ya miƙe ƙafa kan tabarma yana cewa shayin jiya sukari bai ji ba.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ne ya zo wucewa wani dare ya tsaya kallo. Da ya ji lambata sai ya ce, "Yaya, wa ya ba ka bakwai?" Ya tsuguna ya zana gida shida a tsaye, shida a kwance cikin rairayi, gida 36 ke nan, wato duk yadda ƴaƴan biyu za su iya faɗuwa. Ya nuna mini 7 tana fitowa ta hanya shida: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4, sannan 4 da 3, 5 da 2, 6 da 1. Lamba 6 da lamba 8 kowace hanya biyar gare ta. Ita 12 hanya ɗaya tak, sai in shida biyu sun faɗo tare, haka ma 2. Ke nan cikin dare 36, a lissafin tsaka-tsaki, ni jika shida, Mushe jika ɗaya. Da na tare shi da maganar ko gezau bai yi ba. Ya kurɓi shayina ya ce, "Ka tambaye ni ne na ɓoye maka?"

Wannan tarkon yana nan ko a kuɗin ƙarfe. Mutum uku su ce a jefa sau biyu: in fuskar lamba ba ta fito ba ko sau ɗaya wane ne, in ta fito sau ɗaya wane ne, in sau biyu wane ne. Na tsakiya ya ɗauki rabin nauyin shi kaɗai, don hanyarsa biyu ce cikin huɗu. Yadda ake yi shi ne a lura da wadda ta fara fitowa: lamba da lamba mutum na ɗaya, lamba sannan kifi na biyu, kifi sannan lamba na uku, in kifi ya zo sau biyu a sake jefawa. Kifin da nake nufi shi ne tambarin nan na bankin BCEAO da ke bayan kuɗin sefa.

Gyaran da ƙanena ya ba mu mai sauƙi ne: ɗan ludo ɗaya da dala ashirin ta ƙarfe. In fuskar lamba ta fito, ɗigon yana nufin 1 zuwa 6. In kifi ne, a ƙara shida a kai, ya zama 7 zuwa 12. Gida goma sha biyu daidai wa daida, mu goma sha ɗaya, saboda haka in 12 ta fito a sake. A takarda babu aibu. A ƙofar gida kuwa, inda rairayi ya kai idon sawu, kuɗin yakan faɗo ya kafe a tsaye, sai a shiga musun ina ya fi karkata, ana haska shi da fitilar waya ta kowane gefe. Muka koma jefawa kan farantin shayi, ya buga tsalle ya gangara ya shige lambatu, kuma dala ashirin ɗin tawa ce. Abin da ke aiki shi ne ka cilla shi sama da babban yatsa yadda zai juya sosai, ka cafe a tafin hannu, ka kife a bayan ɗaya hannun, kuma a riga an faɗi ma'anar kowace fuska kafin ya bar yatsa. In aka bari sai ya sauka, za ka ji wani ya ce shi ai kifi ya fahimta ɗaya zuwa shida.

Ana cikin haka Ustaz ya sa baki. Ya ce ƙuri'a kanta tana da asali, domin Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, kuma suratu Ali Imrana ta ambaci jefa alƙaluma kan wanda zai riƙi Nana Maryam. Amma ƴaƴan ludo a tsakiyar manyan mutane da kuɗi a gefe, ya ce mai wucewa ba zai kira shi komai ba sai caca. Aka mayar wa yara kayansu.

Ashana ba ta yi kwana da yawa ba. Tsinke goma sha ɗaya, a karya ƙasan guda, a daidaita kawunan a dunƙule cikin hannu, kowa ya zare. Matsalar mai riƙon ne: ya san inda gajeren yake, in abokinsa ya kama shi sai ya matse yatsu, abokin ya gane ya saki. Kuma gajeren tsinke yakan yi rawa don ba shi da gindin da zai kafu, mai ido yana ganewa.

Sai takarda. Nan ma mun sha darasi, don kowa muka bari ya rubuta sunansa ya naɗe da kansa. Tela, da yake hannunsa ya saba da ƙaramin aiki, ya murza tasa ta koma kamar ƙwayar gero. Ni kuwa na ninka tawa sau ɗaya da mutunci. Duk abin da aka girgiza cikin mazubi, ƙanana suna gangarawa ƙasa, manya su taso sama, hannu kuma abin da ya fara taɓawa yake ɗauka. Ga shi hular Alhaji Ƙarami muka yi amfani da ita, zaren ɗinkin cikinta ya riƙe takardar wani har aka tashi ba a sani ba, sai washegari ya ganta a kansa wajen alwala. Wanda zai yi ta takarda ya yago shafi ɗaya daga kaye mai gida-gida, ya yanka kowace gida huɗu da huɗu, mutum ɗaya ya rubuta duka da bik, ba da alƙalamin da ke huda takarda ya nuna ta baya ba, shi ɗin kuma ya ninka kowace sau biyu iri ɗaya. A zuba cikin gwangwanin madara mai murfi, musamman lokacin hunturu da iska ke kwashe komai, a girgiza, a kira yaron da bai fara lekol ba ya ɗauko.

Wani musun da ya ci mana shayi na biyu sukutum shi ne wa zai fara ɗauka in kowa da hannunsa zai zara, takarda ɗaya kuma aka yi wa alama. Ɗan kabu-kabu ya rantse na farko ya fi tsira. Wannan karon Mushe ya faɗi gaskiya, ƙila don ba ta da tsada: na farko rabonsa ɗaya cikin 11, na biyu sai na farko ya tsallake, 10 cikin 11 ke nan, sannan shi ɗaya cikin 10, in ka ninka biyun da juna ya dawo ɗaya cikin 11. Har na ƙarshe haka ne.

Manhajar waya mai faifai da ke juyawa ita ma mun gwada. Ka rubuta sunaye layi-layi, ka taɓa, kibiya ta tsaya kan guda. Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, ka ƙirga yankunan faifan da idonka, don wanda ya rubuta mana ya sa ni da sunana ya kuma sa ni da laƙabina. Na biyu, akwai wurin da ake zaɓar a cire wanda ya fito. In ba a cire ba, faifai ba shi da tunanin jiya, yana iya kama mutum ɗaya dare biyu a jere.

Da na kai wannan labari gida, Maman Nana ta yi dariya har ta ajiye muciya. Ta ce su a adashi tun fil azal sau ɗaya suke ƙuri'a, ranar farko, kowace ta ɗauki lambar kwasarta, takardar da ta fita kuma ba ta komawa. Haka muka yi a fada: aka jera mu ɗaya zuwa goma sha ɗaya, aka manna a bango, Mushe ya fito na farko, na kuma tabbatar an sa gyaɗa da yawa ranar.

Ita ce ma ta ce mu riƙa yi a gida kan wanda zai kai yara lekol da safe, ni ko ita ko ƙanena. Ta yanka takardu uku daidai, ta ninka iri ɗaya, gwangwani mai murfi, Nana ke ɗaukowa, komai bisa ƙa'idar da na koya mata. Sunana ya yi ta fitowa. Ran nan tana wanka na buɗe sauran biyun, na tarar kowace an rubuta Baban Nana da kyakkyawan rubutu. Na tsaya bakin ƙofa da takardun a hannu har ta fito.

Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Maigida, cikinmu ukun nan wa ke da babur?"