Tsirkiya mai sulɓi da muryar jaz a jitar bes

Daren jiya bayan mun tashi daga wasa, ina durƙushe ina naɗe wayoyi, sai wani matashi ya tsaya a kaina. Ya ce, "Yaya, don Allah wane irin amfilifaya ne wannan? Tun daga bakin ƙofa na ɗauka babban bes ɗin nan na tsaye ake kaɗawa." Na miƙa masa jitar, na ce ya shafa tsirkiyoyin. Ya ja yatsa daga sama har ƙasa, ya ɗago ya dube ni, don bai ji kaushin da hannunsa ya saba da shi ba. Na yi masa alkawarin zan yi bayani a rubuce. To ga shi, ƙanena, kai da duk wanda wannan murya ke hana shi barci.

Tsirkiyar bes waya ce a tsakiya, aka naɗe ta da wata wayar. Idan wayar naɗin zagayayya ce, sai ka ji gargada a ƙarƙashin yatsa, ita ce mai kaushi, wadda kusan kowace sabuwar jita ke zuwa da ita yau. Idan kuwa da lafaffen ƙarfe aka yi naɗin, kamar siririn ƙyalle, gefe na manne da gefe, sai ta fito sumul. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta flatwound. Wannan mannewar ce ke rage mata walwala, sai ƙarar sama-sama ta kwanta, gindin sautin ya fito, kuma sautin ba ya daɗewa yana shawagi. Ka taɓa, ya ce dum, ya ja da baya ya ba na gaba wuri. Haka bes na tsaye yake yi, kuma wannan gajeren numfashin ne ke sa takun bes a jaz ya zama tafiya ta gaske, ƙafa bayan ƙafa.

Mutane da yawa suna ɗauka mai sulɓin ce baƙuwa. Ita ce 'yar gida. Lokacin da maƙerin jita Leo Fender ya fito da jitar bes ɗinsa mai suna Precision a 1951, da mai sulɓi jitar ta zo. Monk Montgomery, yayan makaɗin jitar jaz Wes Montgomery, ya kaɗa bes na lantarki a ƙungiyar Lionel Hampton tun farkon shekarun 1950, lokacin da masu jaz da yawa ke yi wa abin kallon raini. Sai a shekarun 1960 kamfanin Rotosound na Ingila ya yaɗa mai kaushi, da taimakon John Entwistle, makaɗin bes na ƙungiyar The Who, wanda ke son bes ɗinsa ya yi ƙara kamar fiyano. Daga nan kasuwa ta juya.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokan sana'a ba za su so shi ba, shi ne: kada ka zaɓi tsirkiya da sunan gwaninka. Ka zaɓe ta da hannunka da wuyan jitarka.

Na faɗi haka ne don na sha wuya a kai. Shekarun baya na karanta labarin James Jamerson, mutumin da ya riƙe bes a yawancin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit. Da bes na tsaye ya fara, da ya koma Precision sai ya sa tsirkiyoyin kamfanin La Bella masu kauri, masu lambar kauri daga 52 zuwa 110, ya ɗaga su sama da wuya sosai, yana fizga da yatsa ɗaya tak, kuma ba ya canza su sai in sun tsinke. Na tara kuɗi na yi odar irinsu. Ranar da suka iso na ɗaura, kafin gari ya waye wuyan jitar ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiya ta yi nisa da katako har ɗan yatsana na iya shigewa tsakani. Na kai wa wani mai gyara, ya ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan iya ƙarfinsa, abin ya ɗan dawo. Amma duk daren da muka yi waƙa mai sauri, kafin a kai rabi tsintsiyar hannuna ta hagu ta ɗauki zafi. Wata uku na daure, sannan na cire su da baƙin ciki, don sautin kam ya yi mini. Sai daga baya na gane cewa muryar da nake nema ma ba ita ba ce. Ta Jamerson dunƙulalliya ce, mai nauyi, ta rawa. Ta jaz tana son ɗan buɗewa a tsakiya, inda kunne zai rarrabe wannan sauti da wancan ko da mai ganga yana aiki.

Abin da ya raba ni da wahala shi ne Thomastik-Infeld, wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda tun 1919 yake yi wa dangin goge na Turawa tsirkiya. Su ne masu Spirocore, wadda masu bes na tsaye da yawa a jaz suke amfani da ita, saboda haka sun san muryar tun daga tushe. Saitinsu na jitar bes, JF344, siriri ne: 43, 56, 70, 100. Akwai zaren siliki tsakanin wayar ciki da naɗin, kuma laushinsu ya wuce misali. Daren farko na ji kamar igiyar shanya nake ja, har sai da na sassauta ƙarfen wuya na ɗaga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, kaɗan. Bayan 'yan makonni kuwa sai wani sauti ya fara fitowa, mai ƙamshin katako, wanda in ka danna ka ɗan girgiza yatsa yake amsa maka kamar muryar mutum. Yau shekararsu huɗu a jikin jitar, su ne wannan yaro ya shafa jiya.

Ba kowa za su yi wa ba. In hannunka mai nauyi ne, ka saba fizga da ƙarfi, za su riƙa dukan ƙarafan wuya suna kaf-kaf. Mai irin wannan hannu ya nemi La Bella 760FL, tsaka-tsaki ce, tana da wancan tsohon duhu ba tare da ta karya maka wuyan jita ba. D'Addario Chromes kuma tana zuwa da haske, ta fi dacewa da wanda yau yana jaz, gobe yana gidan biki. Akwai kuma baƙaƙen nan da aka naɗe da leda ta nailan. A gaskiya wajen dum ɗin nan sun fi kowa kusa da bes na tsaye, sai dai suna da kauri, wani lokaci sai an faɗaɗa ramukan da suke kwanciya a kan wuya, kuma tun da hannunka ba ya taɓa ƙarfe, jitar da wayoyin cikinta ba su da kyau takan yi zuuu.

Abu biyu ka kiyaye kafin ka biya kuɗi. Ka auna jitarka: yawanci inci 34 ne daga kan wuya zuwa jaki, gajeru kuma 30. In ka sayi doguwa ka ɗaura wa gajeriya, jikin ƙarfen zai hau kan abin murɗawa, naɗin ya buɗe, ta lalace. Wurin da aka naɗe da zare ne kawai ya kamata ya hau. Na biyu, in jitarka irin wadda tsirkiya ke shigowa ta bayan jiki ce, ka tabbata saitin an yi shi don haka, domin lanƙwasar da take yi a jaki tana iya karya ta.

Tsada kam akwai, balle yadda dala take. Amma ka tuna yadda mai kaushi take ƙarewa a wurinmu. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna shiga tsakanin naɗin, wata biyu uku ta dushe, kuma dushewarta mutuwa ce. Mai sulɓi ba ta da ramin da datti zai zauna, kuma tsufa gyara ta yake yi. Shi ya sa nake roƙonka kada ka yanke mata hukunci a makon farko. Sabuwa takan yi wani ƙarfe-ƙarfe mara daɗi, wasu ma har ɗan danƙo suke yi a yatsa. Ka goge ta da tsumma, ka yi ta kaɗawa.

Sauran aikin na hannu ne, kuma nan ne na fi ganin ana sakaci. Mutum ya sa tsirkiya mai tsada, sannan ya riƙa tsinkar ta da kan farce a gindin jaki, ya ce ba ta yi ba. Kai hannunka can inda wuya ya haɗu da jiki, ka kwantar da manuniya ta ja da gefenta, da tsoka, yadda masu bes na tsaye suke yi. Rage maɓallin haske. Yanko ɗan soso kamar faɗin yatsa biyu ka cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da jaki. Tsofaffin Fender da irin wannan soso suke zuwa a cikin murfin jakinsu. Kada ya matse sosai, in ba haka ba sautin zai shaƙe.

Duk da haka ba za ta zama bes na tsaye ba, kuma ba na son in yaudare ka. Wancan akwati ne na katako mai tsayin mutum, tsirkiyarsa ta haura inci 40, iska yake turawa har ka ji a ƙirji. Ranar da na fara tsayawa kusa da shi ana kaɗawa, na ji abin har cikin tafin ƙafata. Abin da mai sulɓi ta ba ni shi ne wurin zamansa a cikin ƙungiya: mai fiyano ya daina ƙorafin ina shiga masa hanya, mai busa ya ce yanzu yana jin ƙasa a ƙarƙashinsa.

Ƙanena, ranar Asabar muna nan a wurin da ka same mu. Ka zo da jitarka da wuri kafin mutane su taru, mu auna ta, in ga yadda kake fizga, sannan ka riƙe tawa ka yi waƙa ɗaya da ita.