Fim ɗin titi ba fim ɗin sakaci ba ne

'Yan'uwa ɗalibai masu karatun fim, akwai maganar da ke yawo a tsakaninmu da ya kamata a gyara: wai Italiyawan bayan Yaƙin Duniya na Biyu kyamara kawai suka saɓa suka fita titi, talauci ya yi musu sauran aikin. Ni dai ban yarda ba.

Rashin kayan aiki gaskiya ne. Cinecittà, babban gidan shirya fim na birnin Rum, an mai da shi sansanin 'yan gudun hijira. Roberto Rossellini ya ɗauki Roma città aperta a 1945 da guntattakin faifan fim da ya harhaɗa daga nan da can, shi ya sa hasken wani sashe bai yi daidai da na wani ba. Amma Anna Magnani da Aldo Fabrizi da suka riƙe fim ɗin ƙwararrun 'yan wasa ne tun kafin nan.

Sai batun sauti, wanda muke yawan tsallakewa. Galibi hoto kaɗai suke ɗauka, a ɗora murya daga baya a ɗakin naɗa sauti. Hayaniyar kasuwa ba ta ɓata musu aiki, kuma darakta na iya yi wa ɗan wasa magana kyamara na gudu: juya, tsaya, dubi ƙasa. Da haka ake sarrafa wanda bai taɓa wasa ba. In ka ba irin wannan mutum dogon zance ya haddace, jikinsa zai sandare, idonsa ya riƙa neman kyamara. Ka ba shi aikin hannu da ya saba, sai ya manta da ita.

Dubi Ladri di biciclette na Vittorio De Sica, 1948. Lamberto Maggiorani, jarumin fim ɗin, ma'aikacin masana'anta ne, fuskarsa da tafiyarsa aka ɗauka, muryar da muke ji ta wani ce. Ruwan saman da ya tarwatsa kasuwa ma ba a zauna jiran hadari ba, da mesar 'yan kwana-kwana aka yi shi. Kuma labarin da Cesare Zavattini da abokan aikinsa suka tsara a ɗaure yake tam: in jarumin ba shi da keke ba zai samu aikin manna fasta ba, keken kuma yana jingina, sai matarsa ta yaye zannuwan gado ta kai don a fanso shi. Can a gidan jingina kyamara ta bi ma'aikacin gidan yana hawa kantoci maƙil da ƙullin zannuwan wasu gidaje har sama. Babu wanda ya buɗe baki ya ce garin na cikin fatara. Wanda ya ce wannan dace ne, to bai taɓa tsara hoto ba.

Luchino Visconti ya bi ta wata hanya a La terra trema, shi ma 1948: masuntan ƙauyen Aci Trezza na gaske, da muryoyinsu, da karin harshensu na Sisili. Sauran Italiyawa ba su gane abin da ake faɗa sosai ba, fim ɗin bai yi kasuwa ba.

Haka Umberto D., fim ɗin De Sica na 1952, ya faɗi a kasuwa. Giulio Andreotti, wanda harkar fim ke hannunsa a gwamnati, ya soki De Sica a fili kan nuna wa duniya talaucin Italiya, masu zuba kuɗi kuma suka karkata ga fina-finan barkwanci.