Kafin Hannu Ya Kai ga Waya

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A Suratul Isra'i, aya ta 32, Allah (SWT) cewa Ya yi kada ku kusanci zina. Tun daga kusantar aka kafa shingen, kuma ga mai son tuba daga abin da waya ke jan shi gare shi, shingen na farawa ne kafin hannu ya kai ga wayar. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ci karo da abin da ke ƙara haska mana hikimar hakan.

A shekarun 1990, wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Wolfram Schultz ya riƙa auna aikin ƙwayoyin halittar da ke fitar da wani sinadari mai suna dopamin a ƙwaƙwalwar birai. Da fari, sai an ɗiga wa biri ruwan zaƙi a baki ƙwayoyin ke zabura. Da aka saba kunna masa fitila kafin a ba shi, sai zaburar ta koma lokacin da fitilar ta haska, tun ruwan bai taɓa harshensa ba. Ran da aka kunna kuma aka hana shi, aikin ƙwayoyin yakan faɗi ƙasa da yadda ya saba, daidai lokacin da birin ya sa rai.

To fitilarka ita ce ƙarar saƙo, ko kwanciya da waya a ƙirji bayan isha'i.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara da cewa dopamin kwaɗayi yake hurawa, daɗi kuwa hanyarsa daban. Ɓerayen da aka kusa ƙarar musu da sinadarin sun daina neman abinci, amma in an sa musu suga a baki suna lashe leɓe. Mutum kuma yakan faɗa akasin haka: yana ta murza allo har asuba ta kufce masa, daɗin ya daɗe da tafiya, kwaɗayin na nan daram.

Kuskuren mai tuba shi ne ya bar fitila a kunne, ya ce zai daure. Kashe sanarwar manhajoji. Wayar ta kwana a wani ɗaki, agogo ya tashe ka. Gurbin da ta bari ka cika shi da azkar ɗin barci, don gurbin da aka bari fayau tsohuwar ɗabi'a ke komawa ciki.

Kwanakin farko za ka ji ƙunci da rashin sukuni a lokacin da ka saba ɗaukarta. Kada ka ɗauka tubar ce ba ta karɓu ba. Ƙwaƙwalwa ce ta sa rai aka hana ta, kuma ƙuncin yana raguwa in aka dage. Wanda matsalarsa ta kai ga ƙwaya ko giya kuwa, ya haɗa da ganin likita, domin yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba na iya jawo jijjiga mai haɗari.