Wallahi babu wata tsutsa a cikin haƙori

Kun dai ga bidiyon da ake ta turawa a WhatsApp tun jiya, an danne yarinya tana ihu, an kifa mata mazurari a baki tana shaƙar hayaƙi, can sai mai cire tsutsar haƙorin ya ɗago kwano wai ga tsutsotsin sun faɗo, mata na ta salati. Abin da ya fi ɓata min rai ma ba shi ba ne, shi cinsa yake nema. Masu neman lambarsa ne suka ƙona min rai, cikinsu har da malaman makaranta.

Jama'a babu tsutsa a haƙori. Babu ita, ba a taɓa yinta ba. Abin da kuke gani a ruwan nan galibi 'ya'yan itace ne ake zubawa a garwashi, zafi ya fasa su wani farin abu kamar zare ya fito, wani kuma da kayansa yake zuwa a hannu. Wai "ai na gani da idona". To ka gani a kwano, ka taɓa ganinta a cikin haƙorin?

Abin da ke cin haƙori sukari ne da ƙwayoyin cutar da ke zaune a wannan farin dattin da ke mannewa a gindin haƙora. Yaro ya sha alewa ko biskit ko shayi, ƙwayoyin su ci sukarin su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa zaizaye bayan haƙori a hankali har rami ya buɗe, ramin ya yi ta nitsewa har ya tarar da jijiya, nan ne za ka ga yaro ya kwana yana birgima. Tun 1890 wani likitan haƙori Miller ya yi bayanin wannan, mu a nan har yau muna wa yara turare. Lemon gwangwani ɗaya akwai sukari kusan cokalin shayi 9 a ciki, kuma shi muke miƙa wa ɗan shekara uku don ya yi shiru.

Wasu za su ce ai bayan an cire tsutsar ciwon ya lafa. Eh zai iya lafawa, ko an sa masa kanumfari ya kashe zafin na ɗan lokaci, ko kuma jijiyar ce ta mutu gaba ɗaya, wanda shi ne ma mafi hatsari don mugunya ce za ta taru a ƙasa, wata rana a wayi gari kumatu ya kumbura har ido ya rufe. Ramin na nan inda yake, hayaƙi ba ya cike rami.

Masu cewa asibiti tsada, na ji, amma buroshi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) nawa ne? Sau biyu a rana, musamman na dare kafin a kwanta, a tofar kar a kuskure da ruwa. Masu cewa haƙoran nono ne za su faɗi, ku sani turmin da ke fitowa can ƙurya wajen shekara 6 na dindindin ne, ba a sake wani, kuma shi ne yake fara ruɓewa iyaye na zaune suna jiran ya faɗi.

Don Allah iyaye mata ku riƙa buɗe bakin yaranku kuna dubawa. Dasashi yana jini yana wari a jikin yaron da ba ya samun abinci sosai ko ya tashi daga ƙyanda, wannan ba na turare ba ne, haka cutar Noma take farawa, cikin kwanaki ta cinye kumatu. Asibiti guda aka ware mata a Sakkwato, kuma in an kai yaro da wuri maganin ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita.

Kuma ku maza masu asuwaki, sunna ce babba ba mai musu, amma a riƙa yanke bakinsa ana wankewa. Mutum ya yi sati da guda ɗaya a aljihun gaba tare da tsofaffin kuɗi da makulli da ɓawon goro, an tada iƙama ya zaro ya goga sau biyu ya mayar, bakin duk ya yi baƙi ya bushe. A ƙofar masallaci fa ake sayar da sabo.