Taron tsintsiya ba shara

Jama'a, assalamu alaikum. Yau kwana uku ke nan wata magana tana cina a rai, na ga gara in fitar da ita a nan, ko Allah zai sa ta isa kunnen masu riƙe da ƙungiyoyinmu na karkara.

Ranar Asabar aka kira taron ƙungiyarmu ta manoman rani, nan yankin Kura. Tun daren Juma'a aka yi shela a lasifikar masallaci cewa gobe bayan la'asar kowa ya hallara a filin firamare, akwai muhimmin taro. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, ba a ce a kan me ba. Na bar renon albasata ba ban ruwa, maƙwabcina ya bar bugun shinkafa da 'yan ƙwadago a gona, muka tafi. Dattawa a kan benci, mu a tabarma, yara sun zagaye mu.

Aka buɗe da addu'a. Aka gai da mai unguwa, aka gai da liman, aka bi manya ɗaya bayan ɗaya da sunansu da laƙabinsu. Sakatare ya karanta abin da aka tattauna a zaman baya. Daga nan Shugaba ya ce fili a buɗe yake, duk mai magana ya yi. Wani ya tashi a kan kuɗin wata-wata da ba a biya. Wani ya kawo tsadar taki. Wani ya ce shanu sun shiga masa gona. Wani matashi ya karkata zancen zuwa siyasa, nan take aka rabu gida biyu, murya ta fara tashi. Muna cikin haka ladan ya kira magariba. Shugaba ya ce to, sai mun sake zama, Allah ya sa albarka. Kowa ya kaɗe rigarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya zauna a wurin nan ya san abin da ke damunmu. Magudanar da ke kawo ruwa layinmu ta cushe. Laka ta taru, ciyawar kachala ta fito ta yi tsayi har ta fi mutum, ruwa yana zuwa kwalbatin farko ya tsaya yana juyi, gonakin ƙarshen layi ko laima ba sa gani. Ruwan nan tun daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974, ya biyo babbar hanyar ruwa ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam ba inji ba famfo, gangarowa kawai yake yi. Duk wannan tafiya ya yi ta lafiya, sai a bakin gonarmu ya maƙale saboda mun kasa tsayar da ranar yashe magudana. Sau ɗaya tak aka ambaci maganar a taron, wani dattijo ne ya faɗa, kafin ya rufe baki zancen taki ya danne ta.

Ga wanda bai san noman alkama ba, jinkirin sati ɗaya wajen samun ruwa ba komai ba ne. Mu kuwa mun san alkama 'yar sanyi ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son a ce iri yana ƙasa, don ta yi girmanta cikin hunturu. In ka makara, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai riske ta tana cikin ɗura tsaba, ƙwayar ta ƙanƙance, ka zo casa ka ga buhunan ba su kai ba. Don haka taron da aka tashi ba a yanke komai ba, ni a wurina buhun alkama ne aka ɗebe daga rumbun talaka.

Kuma fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu a tara mutane a kan manufa ɗaya. Ku tuna gayya. Mai gayya ba ya cewa ku zo akwai muhimmin abu. Cewa yake yi ranar kaza, gonata ta bayan gari, huɗa za a yi, kowa ya zo da garmarsa. Goron gayyata ma da saƙonsa yake tafiya. Ka iso ka ga kunyarka, makaɗi yana zuga ka, mata sun kawo kunu da fura, kafin azahar an tashi gona. Ba wanda zai tsaya a tsakiyar kunya ya ce a tattauna rikicin iyaka. Haka matanmu da adashinsu: uwar adashi ta san ranar zubi, ta san nawa ne, ta san wadda kwasa ta zo kanta, cikin ɗan lokaci sun gama sun koma aikinsu. Mu da muke da shugaba da sakatare da ma'aji da hatimi, mu ne za mu ci awa biyu mu tashi hannu rabbana.

Addininmu ma haka ya koya mana. A Suratu Ali Imrana, aya ta 159, an umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shawara da sahabbai a cikin al'amari, sannan ayar ta ce idan ka ƙudurta to ka dogara ga Allah. Akwai al'amarin da ake shawara a kansa, akwai kuma ƙudurin da ke biyo baya. Lokacin da rundunoni suka nufo Madina a shekara ta 5 bayan hijira, tambayar ɗaya ce: yaya za a kare gari? Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa rami, aka karɓa, aka raba wa jama'a wuraren haƙa, aka kama aiki.

Na san wasu za su ce taro ai zumunci ne, kuma ba a katse babba yana magana. Gaskiya ne, ni ma ban yarda a wulaƙanta dattijo a bainar jama'a ba. Amma zumunci muna yin sa a majalisa da wurin suna da ɗaurin aure, kullum muna tare. Katse magana kuma da ladabinsa. Shugaba yana iya cewa, Baba, Allah ya ƙara girma, maganar shanun nan babba ce, a ajiye mana ita mu ba ta ranarta, yau ta ruwa muka zo yankewa. Ban taɓa ganin dattijon da ya yi fushi da irin wannan ba. Wanda na gani yana fushi shi ne wanda aka zaunar da shi har ƙafarsa ta yi sanyi, ya koma gida a tambaye shi me aka yanke ya rasa amsa. Irinsa ne in an sake kiran taro sai ya aiko yaro.

Na lura shugabanni da yawa suna ɓoye dalilin taro ne don tsoron in an ji batun karo-karo ko aikin ƙarfi mutane ba za su zo ba. Wannan dabara ce mai cin amana. Gara mutum ashirin da suka zo sun san laka za su shiga, da mutum ɗari da suka zo jin me ake ciki.

Jiya bayan isha'i na je gidan Shugaba, na faɗa masa duk wannan baki da baki kafin in rubuta shi a nan, kuma Allah ya saka masa da alheri, ya saurare ni har ƙarshe. Mun tsayar da cewa ranar Laraba za a sake zama bayan la'asar, kuma shelar za ta fito da maganar ƙarara: ranar da za a yashe magudana, da yadda za a raba ta daga kwalbatin farko zuwa ƙarshen layi, da abin da wanda bai zo ba zai biya a ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa. Duk mai gona a layinmu da ya ga wannan rubutu, don Allah ya gaya wa na kusa da shi, kuma ya duba shebur ɗinsa da addarsa tun yanzu.