Kafin a janyo ruwan Kwango, a leƙa Zobe

Duk sa'ad da aka tayar da maganar janyo ruwa daga yankin Kogin Kwango zuwa Tafkin Cadi, ni dai Dutsin-Ma hankalina ke tafiya. Shirin, wanda ake kira Transaqua, wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya zana shi shekaru da dama da suka wuce: a datse wasu rassan Kwango, a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 2,400, a zuba a Kogin Shari, shi kuma ya kai tafkin. A taron da aka yi a Abuja cikin Fabrairun 2018 an rungumi shirin, kuma marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sha kai maganar gaban duniya.

Tafkin yana buƙatar ceto, wannan babu ja. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya bar shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Abin da nake tsoro shi ne halinmu game da dam, domin mu a Katsina mun gani da idonmu.

An gama ginin madatsar Zobe, kusa da Dutsin-Ma, a 1983, zamanin Shagari, a kan Kogin Karaduwa. Tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. Alkawarin da aka yi biyu ne: ruwan sha ga birnin Katsina da garuruwan da ke kan hanya, da noman rani a kadada kusan 8,000. Bango ya tsaya, ruwa ya taru. Sai me? Sai a Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shan, bayan shekara 38. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka datse kogin ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, wani ma ya fara furfura, yana sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Ni kaina a kan kurar mai ruwa na tashi, kuma har yau idan rani ya tsananta, ƙarar ƙarfen da yake kaɗawa a lungu ce ke fara tayar da unguwarmu. Hanyoyin ban-ruwa kuwa ba su kai inda aka zana su ba. Manomin da ke kusa da gaɓa yana jan ruwa da inji, yana ƙona fetur mai tsada, na nesa kuma yana jiran damina kamar babu dam a ƙasarsa.

Dalilin bai ɓuya ba. Bangon dam abu ne da ake gani, ana yanka masa kyalle, ana ɗaukar hoto. Bututun da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, da wutar da za ta juya injin turo ruwa, da kuɗin yashe laka duk bayan 'yan shekaru, babu mai yin suna da su. To ƙasar da ta ɗauki kusan shekara arba'in kafin ta kai ruwa daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, tafiyar awa guda a mota, da wane ƙarfin hali za ta ce za ta kula da hanyar da ta ratsa ƙasashe?

Akwai kuma mutanen da ke ƙasan kogi, waɗanda ba a cika tambayarsu ba. Madatsun Tiga da Challawa sun ba Kano ruwa da shinkafa, amma sun canza ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Dam ɗin Jibiya yana kan Kogin Gada ne, wanda ke ƙetarawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, kuma irin waɗannan kogunan da muke tarayya a kansu ne suka sa ƙasashen biyu ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a 1990. A dam ɗin Bakolori, manoman da suka nemi diyyar gonakinsu a 1980 da bindiga aka amsa musu. Mutanen Kwango da ke cewa ba a shawarce su ba, ina jin muryarsu sarai.

Za a ce ai Sin ta yi irin wannan aikin, ta janyo ruwa daga kudancinta zuwa arewa. Haka ne, ta ƙara tsayin madatsar Danjiangkou, ta tayar da mutum sama da 300,000, ruwan kudu ya fara isa Beijing a ƙarshen 2014. Amma ta haɗa bango da hanya da matatar ruwa a aiki guda, ba ta bar rabi ga gwamnatin da za ta zo ba.

Don haka roƙona ga 'yan majalisarmu na Abuja da na jiha shi ne, a kasafin kuɗi mai zuwa su nemi layi uku a rubuce: kammala hanyoyin ban-ruwa na Zobe, yashe madatsun Ajiwa da Jibiya, da tabbatar da ruwan dam ɗin Sabke yana fitowa a famfunan Daura kullum. Su kuma buga wa jama'a, duk wata uku, kadada nawa ta sha ruwa, unguwa nawa ta ga ruwa a famfo.